Shekarar da Na Zo Ta Ɗaya a Gajiya

Na san tarihin rayuwa aikin tsofaffi ne. Mutum yakan jira sai haƙora sun fara yi masa sallama ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zauna ya rubuta wa jikoki abin da ya gani a duniya. Ni shekaruna sha shida, haƙorana duk suna nan, amma ba zan iya jira ba, domin a gidanmu in ka bar labarinka a hannun mutane, kafin ka juyo an sauya masa kai da ƙafa. Ƙanena Sadiƙu yana yawo a unguwa yana cewa wai an kama ni da laifin lalaci a makaranta, aka sa ni gudu zango guda. Nana kuwa, da ko Fatiha ba ta gama daidaitawa ba, ta haddace wannan ƙaryar tsaf. To, Sadiƙu da Nana, da ku 'ya'yan da zan haifa in Allah ya kai mu, ku zauna ku ji. Gudu dai na yi shi, ban musa ba. Amma kafin gudun, ni ce na zo ta ɗaya a motsa jiki a duk makarantarmu, kuma da hannuna na ajiye sarautar.

Sunana Habiba, amma a gida Rediyo ake ce mini. Baba malami ne, yana da Islamiyya a rumfar ƙofar gidanmu a nan Batsari. Inna kuwa Bafulatana ce daga wajen Ruma, kuma ita ta raɗa mini sunan, wai tun ina goye ban taɓa ɗauke wuta ba. Ni da aiki muna mutunci sosai: ba na shiga harkarsa, shi ma na roƙe shi kada ya shiga tawa. In aka ce in yi shara, tun daga kallon tsintsiya nake jin bayana ya riƙe. Ba ƙirƙira nake ba, haka Allah ya yi ni, jikina yana da saurin tausayin kansa.

A aji, kujerarmu ɗaya da Shatu, 'yar Kawu Buba, ƙanin Inna. Taubashiyata ce, saboda haka tsokanarta halak ce a gare ni, kuma ban taɓa yin sakaci da wannan haƙƙi ba. Su Kawu sun taso daga Ruma ne bayan abubuwan da suka faru a can, waɗanda har yau ba a maganarsu a gaban yara. Suka zauna a bayan gari da 'yan shanun da suka tsira. In ka tambayi Shatu ina gidansu, sai ta nuna da haɓa ta ce nan kusa ne. Na taɓa bin ta sau ɗaya. Na tashi ina budurwa, na isa ina neman sanda. Ita kuwa kullum kafin in gama shawara da bargona, ta yi salla, ta ɗebo ruwa, ta taya tatsa, ta kora maruƙa, ta yi daka, ta ɗauko ƙwaryar nono ta sauke wa mai saye a bakin kasuwa, sannan ta riga ni zama a aji, hijabinta ko lanƙwasa babu. Ba ta magana sai dole. Amma in aka zo lissafi, malamin kansa ita yake kallo kafin ya yarda da amsarsa. Burinta ta zama likitar dabbobi, ni kaɗai ta taɓa faɗa wa, ni kuma ban faɗa wa kowa ba sai mutanen ajinmu.

Da ƙyar Baba ya shawo kan Kawu ya bar ta ta shiga sakandare, kuma da sharaɗi guda ya yarda. La'asar ta same ta a gida. Tun da suka baro Ruma, Kawu ba ya barin ɗansa ko ɗaya a kan hanya in rana ta karkata, kuma duk wanda ya san abin da ya gani ba zai ce masa don me ba.

A zango na biyu na wannan shekarar wata ɗalibar jami'a ta zo makarantarmu, Anti Rahila, doguwa mai tabarau da jaka cike da takardu. Ta ce tana bincike ne a makarantun Batsari da Safana, tana so ta san yadda matasa ke motsa jikinsu a rayuwarsu ta yau da kullum. Ba jarrabawa ba ce, ba ci ba faɗuwa, kuma ba sai mun sa suna ba. Tun kafin ranar an ba mu wata 'yar takarda mu kai gida iyaye su sa hannu, da lambar wayarta a ƙasa. Da ta raba mana tambayoyin sai aka kira ta wani aji, ta bar mu a hannun malamar wasanni. Sunanta na gaskiya Malama Asabe, amma ko shugabar makaranta in ta manta takan ce Malama Usur, domin da usur take gaisuwa, da shi take faɗa, ina jin da shi take kiran yaranta cin tuwo. Anti na fita, Malama Usur ta ce kowa ta rubuta lambarta ta rajista a sama, ita ba ta son aiki babu tsari.

Shafin farko wasanni ne. Ƙwallo, gudu, keke, tsallen igiya, har da iyo. Iyo a Batsari! Wata ta ɗaga hannu ta tambaya ko faɗawa kududdufi da damina yana ciki. Shafi na biyu ayyukan gida ne: shara, wanki, ɗebo ruwa, daka, tafiya makaranta. A gaban kowane aiki akwai akwatuna biyu ƙanana, za ki zaɓi ɗaya. Malama Usur ta ɗaga takardar ta karanta abin da ke kan na farko da ƙarfi:

"Ina gajiya."

Ajin gaba ɗaya, baki ɗaya, kamar an kunna mu:

"Ba gajiya, Malama!"

"Ba gaishe ku nake ba!" Ta hura usur. "Ku cika, ku daina mini iya shege."

Akwati na biyu kuwa abin da aka rubuta a kansa ke nan daidai: ba gajiya. Ni dai 'yar malam ce, an hore ni da faɗin gaskiya. Shara? Ina gajiya. Wanki? Ina gajiya tun daga jiƙa kayan. Ɗebo ruwa? Famfon yana ƙofar gidanmu, amma Allah ya gani ina gajiya. Tafiya makaranta? Daga ɗakin Inna ana jin ƙararrawa, duk da haka ban taɓa isa ba tare da na jingina da bango ba. Ban bar akwati ɗaya ba. Har a gefen takardar na ƙara da hannuna cewa zama ma, in ya yi tsawo, yana gajiyar da ni.

Abin da ban sani ba shi ne, a lissafin masu wannan bincike, aikin da ya gajiyar da mutum shi ne aiki mai ƙarfi, shi ke da maki mai yawa. Wanda bai gajiyar ba kuwa kusan daidai yake da zama. Anti ta bar takardun a ofis kafin ta dawo daga Safana ta kwashe, tare da takardar da ke bayanin yadda ake ba da makin. Malama Usur ta gani, ta ga aiki a ajiye, ita kuma ba ta iya ganin aiki a ajiye. Ta zauna ta yi wa makaranta guda maki.

Ranar Laraba a taron safe ta hau kan dakali ta ce abin kunya ne, rabin 'yan matan makarantar nan ba sa motsi, jini zai daskare musu tun ba su yi aure ba. Daga Litinin, duk wadda ta ji lambarta za ta tsaya bayan an tashi, a yi gudu a fili har la'asar. Ta fara karantowa daga wadda ta fi kowa rashin motsi. Lambar Shatu ce. Na juya na dube ta, ko ƙifta ido ba ta yi ba. Can a ƙarshe Malama ta gyara murya ta ce amma akwai yarinya guda da ta fitar da makarantar nan kunya, yarinyar da ba ta san hutu ba, wadda kullum jikinta a cikin wahala yake. Ta kira sunana cikakke, har da na Baba. Sai wata daga baya ta ce, "Wace Habibar?" Aka rataya mini usur sabo a wuya, aka ce ni ce monitar gudu. Aikina in zauna a inuwar bishiyar bedi in riƙa hurawa.

Ban taɓa isa gida da sauri irin na ranar ba. Na shiga ina hura usur, kaji suka watse. Da na faɗa wa Inna, sai ta ajiye muciya a hankali, ta nemi turmi ta zauna, ta yi dariya har ta fara tari.

"Ke? Motsa jiki? Wane sashen jikin, bakin?"

"Inna, bincike ne fa na jami'a."

"Jami'ar ta zo ta ga shimfiɗarki da hantsi."

Baba ya shigo daga rumfa, aka ba shi labari. Ya daɗe yana shafa gemu.

"Habiba, Allah ya sanya albarka," in ji shi. "Amma an tabbata ba a haɗa lambarki da ta wata baiwar Allah ba? Kada mu ci haƙƙin mutane."

Washegari na tare Shatu lokacin hutun tara. Na fara da tsokana, kamar yadda ya wajaba a kaina. Na ce ashe duk wannan ƙwaryar da take ɗauka babu komai a ciki sai iska. Ba ta rama ba. A nan na san akwai matsala, domin Shatu ba ta magana amma ba ta barin bashin tsokana ya kwana.

"Wai me kika cika a takardar nan?"

"Abin da aka tambaya."

"Daka fa? Me kika zaɓa?"

"Ba gajiya."

"Ɗebo ruwa? Tafiyar nan taku da ta kusa kashe ni?"

"Ba gajiya."

"Shatu, don Allah, ba kya gajiya?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko tana da hanci.

"Babba ta aiko da takarda tana ce mini ina gajiya. Mi kike so in ce mata? Akwai?"

A nan na gano bakin zaren. A baki, kowa ya san bambancin mai gaishe ka da mai faɗa maka ya gaji, murya ce ke rabawa. A takarda kuwa babu murya. Gaisuwa ce a akwati na farko, amsarta a na biyu, kuma duk yarinyar da aka yi wa tarbiyya ta san inda za ta sa biro. Rabin makarantarmu ba ragwaye ba ne, masu ladabi ne. Ni kaɗai ce aka gaisar na tsaya ba da labari.

Na ruga wurin Malama Usur na yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta saurare ni tana kallon agogo.

"Habiba, kirkinki ya yi yawa. Kina son ki kare ƙawarki. Takarda ba ta san 'yar uwa ba, abin da aka rubuta shi ta nuna. In Shatu tana da magana ta zo da bakinta."

Shatu ta je da bakinta ta ce wa malama ta yi kuskure? Ta tsaya gaban babba ta lissafa wahalarta? Ai gara a ce mata ta ɗauki saniya a ka.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Kawu ya zo. Ya zauna a tsakar gida da sandarsa a kan cinya, aka yi gaisuwa har ta ƙare aka sake sabuwa. Ni ina ɗaki ina aikin da na fi ƙwarewa a kai, wato kwanciya kusa da taga. Kawu bai taɓa kiran sunan Shatu ba, 'yar fari ce, sai dai ya ce yarinyar nan.

"Adda, yarinyar nan ta gama boko," ya ce wa Inna. "Na zo in shaida wa Malam, tun da shi ya roƙa."

"Haba Buba, kan gudu?"

"An ce sai la'asar za a sake su. In ta taso la'asar, ina magariba za ta same ta? Kin san hanyar. Kin san mi ya raba mu da gida." Ya juya sandar. "Kuma wai an tara mutane an ce ba ta motsi. Gaban kowa. Yarinyar da ke tashi kafin zakara."

Baba ya ce zai je makarantar da kansa. Kawu ya ce malamai sun riga sun rubuta, abin da aka rubuta kuwa ba ya gogewa don wani ya je ya yi sallama. Da ƙyar Baba ya samu ya lallashe shi ya kwana da maganar, gobe ya dawo da yarinyar a sake zama.

Na daɗe ina juya usur ɗina a hannu. Ku fahimce ni, ku 'ya'yana. Tun da aka haife ni ba a taɓa kiran sunana a taro don abin kirki ba. Ga inuwar bedi, ga iko, ga 'yan ajin gaba da suka fara gaishe ni. In gaskiya ta fito, duk wannan ya tafi, kuma za a yi mini dariyar da sai na tsufa ana tunawa. Na yi ƙoƙarin in ji a raina cewa ba ruwana, ni ban yi wa kowa ƙarya ba. Sai na tuna ran Litinin zan juya gefena a aji in ga rabin kujera babu kowa, babu wanda zan ce wa kanta na warin man shanu. Na tashi na nemo 'yar takardar da Baba ya sa wa hannu, na ari wayar Inna ba tare da na dame ta da sanarwa ba.

Na san in na faɗa wa Anti matsalar a waya, za ta ce to za ta duba, Litinin ta zo ta wuce. Kuma Kawu ba ya karɓar magana daga cikin waya, sai ya ga idon mai ita. Saboda haka na ce mata mahaifina babban malami ne, yana da Islamiyya, 'yan matan da ke ciki in suka taso sai an tsayar da motoci, kuma gobe Asabar duk suna nan, in tana son masu cika takarda. 'Yan matan suna nan, ban ƙirƙire su ba. Motocin ne dai ba su cika bin layinmu ba. Ta ce gobe da safe tana ƙauyen Babban Duhu, amma za ta ƙoƙarta ta iso. Da daddare wajen cin tuwo na sanar da Baba cewa yana da baƙuwa daga jami'a, ta ji labarin iliminsa.

"A bakin wa?" ya tambaya.

Na cika bakina da tuwo.

Sai bayan azahar ta iso. Kawu da Baba suna zaure, Shatu na rakuɓe a bakin ƙofar cikin gida, Inna na bayan ƙyaure inda take jin komai ba a ganinta. Mashin ɗin da ya ɗauko Anti ya yi faci a hanya, ta taka mai nisa da ƙafa cikin rana, jakar takardu a kafaɗa. Ta shigo tana ɗingishi, tabarau ya karkace, leɓɓanta sun bushe, ta zube a tabarma kamar an sauke buhu. Aka aike ni in kawo ruwa. Na tsara jawabi mai kyau a kaina, da gabatarwa da komai. Ina shigowa da kwanon sha na ji Baba yana cewa:

"Sannu da zuwa, Malama. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Malam," in ji ta, da muryar da ko kyanwa ba za ta kora ba.

Jawabin ya tashi daga kaina. Na dire kwanon na ce:

"Shi ke nan, Anti, kin faɗi. Ba kya motsi. Ran Litinin ki zo da takalmin kambas, gudu har la'asar."

"Habiba!" Baba ya daka mini tsawar da ta sa ɗaliban rumfa suka yi shiru.

Na durƙusa, amma ban rufe baki ba, domin na san in na rufe ba za a sake ba ni fili ba. Na faɗi komai: akwatunan nan biyu, lambobin rajista, taron safe, sharaɗin Kawu. Na ciro usur daga cikin hijabi na ajiye a gabanta, na ce ga shi, ni ce gwarzuwar Batsari, a tambayi Inna. Anti ta zaro takarda ɗaya daga jaka ta ƙura mata ido. Ta karanta a hankali, "Ina gajiya." Ta sake karantawa da ɗaya muryar. Sai ta cire tabarau ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na rawa. Na zaci kuka take. Dariya ce.

"Mu huɗu muka zauna muka mayar da tambayoyin nan Hausa," ta ce tana share ido. "Dukkanmu Hausawa. Wayyo ni. Shi ya sa a Safana ma kowa ba gajiya, har na fara tunanin ko wani abu suke ci."

Da ta ji batun maki da gudu kuwa dariyar ta ɗauke. Ta ce wannan zagayen gwaji ne, don a ga ko tambayoyin suna aiki, ba a yi su don a hukunta kowa ba, kuma laifinta ne da ta bar takardun a baya. Ta juya wajen Kawu ta ba shi haƙuri, ta ce Litinin da sassafe tana ofishin shugabar makaranta. Sai ta kira Shatu ta matso.

"Ƙanwata, bar batun gajiya. Faɗa mini kawai, jiya tun da kika tashi, me da me kika yi?"

Shatu ta dubi tabarma.

"Ban yi komi ba."

A nan ne aka san amfanin rediyo a gida. Na ce a ba ni dama. Na ɗauko ranar Shatu tun daga rijiya, na bi ta da ita turken shanu, na shiga da ita gindin turmi, na ɗora mata ƙwarya na bi da ita hanyar nan tasu da ba ta da ƙarshe. Na ce guga a hannunta ya fi ni nauyi. Shatu ta ce, "Ƙarya ne," a hankali. Na ce to, ya kai Nana. Anti tana ta rubutu. Da na kai aya ta ɗago ta ce:

"Ke fa, jiya me kika yi?"

Ina cikin tattara tunani sai murya ta fito daga bayan ƙyaure:

"Ta miƙo mini muciya."

Har Kawu sai da gefen bakinsa ya motsa. Ya miƙa hannu aka ba shi takardar, ya juya ta gaba da baya duk da ba ya karanta boko.

"Kiwo na ciki?"

"Babu, Baba," Anti ta ce masa.

"Tatsa fa?"

"Ita ma babu. Amma ga iyo."

"Sa kiwo," in ji shi. "Sa tatsa. Sa kamun maraƙi in ya tsinke."

Daga nan zaure ya zama kasuwa. Baba ya ce in ana adalci a sa ruku'u da sujada, musamman bayan limamin da ke jan dogayen surori. Inna ta aiko daga bayan ƙyaure cewa a sa kiran Habiba, domin ya fi daka cin ƙarfi. Anti ta ce za ta cire kalmar gajiya gaba ɗaya, ta tambaya ko aikin yana sa mutum haki har ya kasa hira. Inna ta ce to wannan 'yarta ba za ta taɓa cin maki ba, ba a halicci aikin da zai hana ta hira ba. Na ce ita kuma Shatu za ta cinye duka, tun da ko a zaune ba ta hirar.

Kawu ya miƙe tun rana na sama, ya gyara sandarsa a kafaɗa. Ya tsaya a bakin zaure yana kallon waje.

"Malam, Litinin ta tafi. Sharaɗina na nan yadda yake." Sai ya waiwayo ya dube ni. "Ke kuma Rediyo, yau kin kama tasha."

Ran Litinin Anti ta cika alkawari. Aka soke jerin lambobin, aka karɓe usur ɗina a gaban taron da aka ba ni shi, kuma wadda ta ce "Wace Habibar?" ta samu amsarta. Amma Malama Usur ta riga ta zuba toka ta shata fili, ba za ta bari ya tafi a banza ba. Aka daidaita cewa gudun na 'yan cikin gari ne kawai, su ma sai wadda iyayenta suka amince. Na yi hamdala, domin na san Baba mutum ne mai tausayi. Ban lissafa da Inna ba. Matar da ba ta taɓa taka makarantarmu ba ta yafa mayafinta na zuwa biki, ta zo da ƙafarta, ta ce a rubuta sunana a farko, kuma in akwai na safe ma tana so.

Wannan shi ne gudun da Sadiƙu yake yayatawa. Shatu tana nan a kujerarmu har yau, malamin lissafi yana nan yana kallonta, kanta kuma yana nan yana warin man shanu.

Ranar farko ta gudun ba zan manta da ita ba. Na zaga filin nan har na fara ganin kakannina. Ƙirjina na kiɗa, ƙafafuna sun shigar da ƙara, harshena ya fito yana neman wani gidan. Na zo daidai shingen makaranta sai ga Shatu a waje, jaka a baya, ƙwarya a ka, za ta gida da sauran rana. Ta tsaya. Ta leƙo ta saman shingen, ta gyara murya kamar wata babbar mace, ta ce:

"Taubashiya, sannu da aiki. Ina gajiya?"

Na tsaya na dafa gwiwa. Ga gaskiya a cikina fal, tun daga tafin ƙafa har ƙeya, kuma ni ce yarinyar da ta taɓa faɗinta a kowane akwati. Na ja numfashi don in zazzage mata ita duka. Sai na ji bakina, da kansa, ba da izinina ba, ya ce:

"Ba gajiya."